Bikin Cika Shekara 70 Ba Tare da Cin Bashi Ba

A zagayenmu na ƙauyuka mun tarar da gidan da aka sayar da san huɗa don bikin cikar Baba shekara 70. Aka ci, aka sha, aka watse. Da damina ta faɗi, sai ga 'ya'yansa suna neman rancen kuɗin hayar garma. Tsohon da aka so a girmama shi ya fi kowa baƙin ciki.

Dattawanmu da yawa shekarar haihuwarsu kawai suka sani. Wanda aka haifa shekarar samun mulkin kai, 1960, zai cika 70 a 2030. To, tun da zaɓin rana a hannunmu yake, mu sa bikin da kaka, lokacin da hatsi ke araha. Tun da sauran wata 6 a ware 'yan tsaki a yi kiwonsu, 'ya'ya kuma su shiga adashi. A dama kunun zaƙi, a dafa zoɓo maimakon lemon kwalba. A aro bencina a majami'a, matan zumunta su taya girki. Iri da dabbar aiki kuwa, kada a taɓa su.

Bukatar Baba ita ce ya ga jikokinsa, a yi addu'ar godiya, ya ba su labarin zamanin da.