Tsibiran Lamu: Iska Ta Kawo Arziki, Ruwan Sha Ya Riƙe Gari

'Yan'uwa, yau za mu leƙa gaɓar Tekun Indiya. A arewacin Kenya, kusa da iyakar Somaliya, akwai jerin tsibiran Lamu, manyansu uku: Lamu, Manda da Pate. Ƴan siraran mashigan ruwa ne suka raba su da tudu, kuma itatuwan da ke tsira cikin ruwan gishiri sun kewaye su, jirage na samun mafaka.

Allah Ya sanya arzikinsu a iska. Daga Disamba zuwa Maris takan kaɗo daga arewa maso gabas, ta turo jiragen fatake daga ƙasashen Larabawa da Indiya. Daga Afrilu sai ta juya, ta mayar da su gida ɗauke da katako da hauren giwa, har da bayi a wancan zamani. Dole baƙo ya zauna watanni yana jiran iska, a nan aka ƙulla ciniki da auratayya, Musulunci ya kafu cikin Sawahilawa. A Shanga, cikin tsibirin Pate, masu tonon tarihi sun gano gurbin masallaci na wajen ƙarni na 8 Miladiyya, yana cikin mafi daɗewa a gabashin Afirka.

Sai dai ciniki kaɗai ba ya riƙe gari. Takwa, a tsibirin Manda, ta zama kufai a ƙarni na 17, kuma ana danganta haka da gishirin da ya shiga rijiyoyinta. Masallacinta na nan, babu masallata. Garin Lamu kuwa ya ɗore, domin tuddan yashi na Shela suna tara ruwan sama a ƙarƙashinsu, mutane na sha.

Da garin ya zauna, ilimi ya zauna. Habib Salih, wanda ya rasu a 1935, ya kafa Masallacin Riyadha, inda har yau ake karatu. A 2001 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Lungunansa matsattsu ne, jakuna ke ɗaukar kaya.

A 2021 an buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a yankin. Jama'a na ƙaruwa, masu gini na hangen tuddan nan. In aka danne su, rijiyoyi na iya bin sawun na Takwa. Mu ma mu duba rijiyar unguwarmu: amana ce a hannunmu. Allah Ya ba mu ikon riƙe ta.