Ƙwaron Jigawa da Ɗan'uwansa na Kan Bishiya

Manomin Damagaram ya san ƙwari, amma galibi waɗanda suka cuce shi ya sani: fara, hangara, da tsutsar da ke huda zangarniyar gero. Shi ya sa duk mai ƙafa shida da ya gitta masa a gona, takalmi ne rabonsa. Alhali akwai wani dangi da masana ke kira Carabidae, mai nau'i kusan 40,000 a duniya, wanda yawancinsu farauta ce sana'arsu, kuma masu ɓarnar nan suna cikin abin da suke farauta.

Babba daga cikinsu a rairayin Sahel shi ne Anthia, baƙi wuluk mai ɗigo-ɗigon fari a baya, tsawonsa yakan kai santimita 4. Tsuguna ka dube shi, amma kada ka kai fuska kusa. A gaban kansa akwai muƙamuƙai biyu kamar lauje, da su yake cafke tsutsa ya yaga. Idanunsa sun firfito, ƙafafunsa dogaye ne sirara na mai gudu, a ƙafar gaba kuma akwai 'yar tsaga mai gashi da yake goge ƙahonnin jinsa da ita. Ɓawon bayansa a haɗe yake, don haka ba ya tashi sama ko kaɗan. A ƙasar da ruwa ke da tsada, rufaffen baya yana rage masa asarar damshin jiki. In ka matsa masa, sai ya ɗaga gindi ya feso asid irin wanda wasu tururuwa ke fitarwa, ya wuce nisan taƙi guda. Ido yake nema, kuma zafin ba na wasa ba ne. Wanda ya shiga wa ido, ya wanke da ruwa mai yawa nan take.

Can a kurmin Amurka ta Tsakiya da ta Kudu kuwa, wani reshe na dangin nan ya bar ƙasa ya koma ƙololuwar itatuwa. Sunansa Agra. An bayyana nau'insa fiye da 500. Jikinsa ya saɓa wa na jigawa kusan ta kowace fuska: kai dogo, wuya zalalo, jiki siriri, fukafukai masu aiki. Tafin ƙafarsa faffaɗa ne, cike da ƙananan gashi masu manne wa ganye, domin wanda ke kwana a bayan ganye mai santsi, mita 30 daga ƙasa, riƙo ya fi masa gudu amfani. Da dare yake fita kiwo, kuma shi ma yana da gubarsa a gindi.

Wanda ya fi kowa bin diddiginsa shi ne Terry Erwin na cibiyar Smithsonian a Amurka, wanda ya rasu a 2020. A Panama ya riƙa tura hayaƙin maganin ƙwari cikin rassa, ya shimfiɗa abin tara a ƙasa. Daga bishiyoyi 19 kacal, duk iri ɗaya, ya samu nau'in ƙwari masu ɓawo kusan 1,200. A kan haka ne a 1982 ya ƙiyasta cewa ƙwari da danginsu za su iya kai nau'i miliyan 30. Masana na baya sun rage lissafin ƙwarai, kuma ina ganin suna da hujja, sai dai tun daga lokacin ba wanda ya sake kallon kan bishiya a matsayin wurin tsuntsaye kaɗai.

Mu ba mu da kurmi, muna da gawo. Ana ba da labari cewa a ƙarni na 19 Sarki Tanimu na Damagaram ya kafa doka: wanda ya sare gawo, a bakin ransa. Daga shekarun 1980 kuma manoman Magariya, Matamai da Mirriya suka dawo da barin tohon itace a gonakinsu, har gawo ya sake cika karkara. Ana yawan yabon wannan aiki saboda taki da abincin dabbobi, a manta da ƙananan mazauna. Gawo yana yin ganye da fure ne da rani, lokacin da sauran fili ya ƙone, don haka rassansa da sanyin gindinsa su ne mafakar ƙwari har faɗuwar damina. A wannan tsakanin ne ƙwan fara ke kwance cikin rairayi yana jiran ruwa, tsutsotsin wasu ƙwari masu ɓawo kuma suna tonawa suna cinyewa. Da damina sai 'yan dangin Carabidae irin su Calosoma su hau tsiro su bi tsutsa har kan ganye.

Maganin feshin da ake sayarwa a kwalba ranar kasuwa bai bambance maharbi da ɓarawo ba. Kuma tsutsa ta fi Anthia saurin hayayyafa nesa ba kusa ba, don haka bayan feshi ita ke riga shi dawowa gonar.