Kada Rasit Ya Zama Maraya: Yadda A Ke Haɗa Jadawalai Cikin Kwamfuta

Duk akawun da ya taɓa riƙe kundin haraji a zamanin En'e ya san littattafan nan a sarƙe su ke da juna. A ƙasar Argungu, kamar sauran ƙasashen Arewa, dagaci ke ba da sunayen masu biya, hakimi ya tattara, kuɗi kuma su isa Baitulmali wurin Ma'aji. In aka ga rasit da sunan wanda ba ya cikin kundin ƙidaya, to, da walakin: ko kuskure ne, ko kuwa wani ya sa hannu cikin dukiyar jama'a. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rufe zamanin En'e, amma ƙa'idar tana nan. Ita ce kwamfuta ta ke tsarewa yau cikin rumbun bayanai.

Wani Bature ɗan Ingila, Edgar Codd, ma'aikacin kamfanin IBM a Amurka, shi ya shimfiɗa tsarin a 1970. Manufarsa ita ce a rubuta kowane abu sau ɗaya tak, a jadawalinsa, sauran jadawalai kuwa su riƙa nuni gare shi da lamba.

Ga misali. Mu buɗe jadawali uku: na garuruwa, na mutane, na rasit. A na farko Gulma ta sami lamba 1, Augie 2, Kamba 3. Wannan lamba ita a ke kira babban mabuɗi. Ba a maimaita ta, ba a barin gurbinta wayam. Suna ba ya isa mabuɗi, gama Muhammadu nawa ne a Gulma kaɗai? A jadawalin mutane ba za mu sake rubuta sunan gari ba, sai lambarsa, watau baƙon mabuɗi. Haka kuma kowane rasit zai ɗauki lambar mai shi. Gari ɗaya, mutane da yawa; mutum ɗaya, rasit da yawa.

A manhaja irin ta Microsoft Access, jawo gurbin lamba a ke yi daga wannan jadawali zuwa wancan, sa'an nan a umurci na'ura ta tsare dangantakar. Sharaɗi shi ne gurabun biyu su zama iri ɗaya, lamba da lamba, kuma kada a sami tsohon rasit maras mai shi, in ba haka ba za ta ƙi. Da zarar an ƙulla, ba ta karɓar rasit na wanda ba a rubuta ba, ba ta yarda a share mutum alhali rasit ɗinsa na nan, ba ta kuma barin a sake lambarsa a bar su marayu.

Sai dai muna jan kunnen akawuna game da zaɓin nan na sharewa a jere. In an kunna shi, aka share Gulma, mutanenta duka sun tafi, in an kunna shi a mataki na gaba ma har da rasit ɗinsu, ba kuwa a komo da su sai daga kwafin ajiya. Inda kuɗin jama'a su ke, gara a bar shi a kashe.

Malaman makaranta ma abin ya shafe su: aji, ɗalibi, sakamakon jarrabawa, duk sarƙa ɗaya ce. A ba kowane yaro lambarsa tun ranar da aka ɗauke shi, kafin a rubuta masa maki ko ɗaya.