Wa zai ɗauki hoton Dakoro?

A shekarar 2005, bayan fari da farin dango sun lalata amfanin gonar 2004, sunan Dakoro ya shiga jaridun duniya. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa a garin, baƙi masu kyamara suka yi ta zuwa. Hotunansu gaskiya ne, sun kuma jawo agaji. Sai dai wanda bai taɓa taka Dakoro ba, iyakar abin da ya gani ke nan: uwa ta yi tagumi, yaro ya rame. Kasuwar dabbobi da kwarin Tarka lokacin damina ba su shiga ciki ba.

Yau kyamara tana aljihun 'ya'yan gari, cikin wayar salula. Abin da ya rage shi ne a koya musu aiki da ita, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. A Maiduguri, Fati Abubakar ta fara haka a 2015 da shirinta Bits of Borno: lokacin da duniya ba ta jin komai daga Borno sai tashin bam, ita tana nuna 'yan makaranta da 'yan kasuwa da kwalliyar Sallah. Tun farkon shekarun 1990 ma, an raba wa matan karkara kyamarori a lardin Yunnan na ƙasar Sin, suka ɗauki wahalhalunsu, aka baje hotunan gaban hukumomi.

Darasin ba shi da tsada. A ɗauki hoto da hantsi ko da la'asar, rana tana bayan mai ɗauka. A matso kusa, har a ga kantar da igiyar guga ta bari a tafin hannun mai jan ruwa. A rubuta wuri da rana a ƙarƙashin kowane hoto, don hoton da ba shi da bayani kowa na iya ɗora masa ƙarya.

Ga misali. Wata doka ta 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, amma gonaki sun daɗe da tsallake ta, burtali yana ta matsewa. Matashi ɗan manomi da abokinsa ɗan makiyayi za su iya tsayawa wuri guda su ɗauki burtalin da rani, su sake ɗauka bayan shuka, su kai wa hakimi ko magajin gari tun kafin dabbobi su gangaro kudu. Gardamar baki kan ƙare da sanda. Hoto mai kwanan wata kuwa ana zama a duba shi.

Sharaɗin farko shi ne mutunci. Ba a ɗaukar mutum sai da yardarsa, yaro kuma sai da izinin iyayensa. A nisanci sojoji da shingayen bincike. Kafin a tura hoto a WhatsApp, a nuna wa mai shi. Baƙo yakan ɗauka ya hau mota ya tafi, amma ɗan gari gobe ma a bakin rijiyar nan zai gaida wanda ya ɗauka.