TASAWA DA MAYAHI: A AUNA KAFIN A SAYI INTANET DA MANHAJAR OFIS

Cikin shekarar 2025 labarai uku sun iso jihar Maraɗi, waɗanda da farko mutum zai ɗauka babu abin da ya haɗa su. A watan Maris, kamfanin Starlink na Amurka, mai ba da intanet ta hanyar taurarin ɗan Adam, ya fara aiki a ƙasar Nijar, bayan yarjejeniyar da ya sa wa hannu tare da gwamnati a watan Oktoba na 2024. Ranar 26 ga watan na Maris aka ƙaddamar da Kundin Sake Gina Ƙasa, wanda ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ranar 14 ga Oktoba kuma, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10, wato manhajar da ke tafiyar da ɗimbin kwamfutocin ofisoshi a duniya.

Duk labaran nan a teburi ɗaya suka sauka, shi ne teburin ma'aikacin da ke rubuta takardun jama'a a ƙaramar hukuma, ko a gidan likita, ko a ofishin sufeton makarantu. Saboda haka ne ake ta musayar ra'ayi tsakanin ma'aikata game da irin intanet ɗin da ya kamata a ɗauka da irin manhajar da ta dace a sa wa na'ura. Maganar kuwa ta shafi talaka tun kafin ta shafi ma'aikaci.

Gundumar Tasawa tana da ƙananan hukumomi 7, ta Mayahi tana da 8, kuma ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna kowace ɗaya daga cikinsu ta haura mutum 500,000. Dokar 2019 ta ba iyaye kwana 60 su shaida wa hukuma haihuwar ɗansu. In wa'adin ya wuce, takardar ba ta samuwa sai ta hannun alƙali. Magidancin da ya bar gonarsa a Urafan ko a Gidan Amumun, ya biya kuɗin mota ko ya ɗaura wa amalanke sa, ya iso ofis aka ce masa babu rezo ya komo gobe, ya yi hasarar yini guda, mai yiwuwa a tsakiyar noma. Da wannan mutum ya kamata a auna kowace na'ura da za a saya da kuɗin jama'a.

HANYAR DA INTANET KE BIYOWA

Kamar yadda aka sani, Nijar ba ta da bakin teku. Mafi yawan saƙonnin intanet na duniya kuwa ta manyan wayoyi na ƙarƙashin teku suke bi. Don haka sai an jawo waya ta ƙasa, irin wadda ake kira fibar, daga tashoshin ƙasashe maƙwabta kamar Benin da Najeriya, kana a rarraba ta cikin ƙasa. Babbar wayar ta bi hanyar mota ta ƙasa mai lamba 1, daga Yamai zuwa Dosso, Ƙonni, Maraɗi har Damagaram. Tasawa tana bisa wannan hanya. Mayahi kuwa tana arewa da ita, cikin kwarin Gulbin Kaba, kuma ƙauyukan gundumomin biyu sun dogara ne ga dogayen ƙarafan kamfanonin salula: Niger Telecom, Airtel, Moov Africa da Zamani Telecom.

Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kwadebuwa. Intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, har da Nijar. Ma'aikacin Korgom bai taɓa ganin tekun nan ba, amma abin da ya faru a ƙarƙashinsa yana iya tsayar masa da aiki.

Wannan ne babbar hujjar masu goyon bayan Starlink. Taurarinsa suna yawo a nisan kilomita 550 ko kusa da haka daga doron ƙasa, faifan da aka kafa bisa rufin ofis yana magana da su kai tsaye, ba ya jiran a haƙa rami a binne waya har Atantane ko Cake. Masu ja da baya su ma suna da tasu hujjar. Suna cewa faifan yana cin wuta muddin yana kunne, kuɗinsa na wata-wata ba ya yankewa, ruwan sama mai ƙarfi yana rage masa ƙarfi, sa'an nan makunninsa yana hannun kamfanin wata ƙasa mai nisa. Kowane ɓangare ya faɗi gaskiya. Abin da ya fi dacewa da ofishin gwamnati shi ne ya riƙe hanya biyu: inda fibar ta iso a ɗauke ta, a ajiye layin salula ko faifan tauraro don ranar da ta yanke, inda ba ta iso ba kuwa, ofisoshin gari ɗaya, da gidan likita da makaranta, su haɗa kai kan faifai guda su raba kuɗin, maimakon kowa ya sayi nasa ya kasa biya bayan wata shida.

IN KURAN YA ƊAUKE

Intanet ba ya tashi sai da wutar lantarki, wadda jama'a ke kira kuran. A ƙasar nan, wajen mutum 1 cikin 5 ne ke da ita a gida, a ƙauye ma abin bai kai haka ba. Wutar da ke haskaka Maraɗi da Damagaram, wani babban kaso nata daga Katsina yake shigowa ta layin da ya sauka a Gazawa, kusa da Tasawa. A watan Agusta na 2023, lokacin takunkumin ƙungiyar CEDEAO, Najeriya ta yanke wutar, ba a maido da ita ba sai a watan Maris na 2024. Ma'aikatan da suka yi aiki cikin watannin nan bakwai ba su bukatar a yi musu dogon bayani.

Darasin da ke ciki a fili yake. Manhajar da ba ta buɗewa sai da rezo, ofishin birnin da wuta ba ta ɗaukewa aka yi wa ita. Akwai misali mai kyau a fannin kiwon lafiya. Tun 2017 ma'aikatar lafiya ta ƙasa ke tattara alƙalumanta da manhajar DHIS2, wadda jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke kula da ita, ana ba da ita kyauta, ƙasashe fiye da 70 kuma suna aiki da ita. Tana da reshen da ake sawa cikin wayar hannu: ma'aikaci ya shigar da yawan yaran da aka yi wa rigakafi ko waɗanda suka kamu da zazzaɓin cizon sauro ko da babu rezo, wayar ta adana, in rezo ya komo ta aika da kanta. Irin wannan hali ya kamata a nema ga kowace manhaja da za a kawo wa ofishin takardun haihuwa ko na karɓar haraji. Haka kuma, kasafin da ya tanadi kuɗin kwamfuta amma bai tanadi faifan hasken rana da batir ba, rabin aiki ya yi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

SAYE KO HAYA

Batun Windows 10 ya tayar da wata muhawarar. Na'urar da ke ɗauke da shi ba ta mutu ba, tana kunnuwa kamar kullum. Abin da ya tsaya shi ne gyaran da kamfanin ke aikowa don toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi. Ma'aikatar da ke son ƙarin wa'adi sai ta biya. Windows 11 da ya gaje shi kuwa ba ya hawa tsofaffin na'urori da yawa. To, ofishin da ke aiki da kwamfutar da wani shirin taimako ya bar masa shekara goma da suka wuce, yaya zai yi?

Ra'ayi ya kasu biyu. Wasu suna ganin a sayi sababbin na'urori a ci gaba da manhajar Microsoft, tun da ita ma'aikata suka koya, ita kuma Yamai ke aiko da takardu da ita. Sai dai kamfanin yanzu ya fi karkata ga bayar da manhajar ofis haya, ana biya duk wata ko duk shekara, in aka daina biya aiki ya tsaya. Wasu kuma suna ganin a koma ga manhajojin kyauta, irin su Linux da LibreOffice, waɗanda ba su da kuɗin lasisi, suna kuma tafiya bisa tsohuwar na'ura. Ba a rasa waɗanda suka gwada ba. Jandarmomin Faransa sun fara barin manhajar ofis ta Microsoft tun 2005, suka fara komawa Linux daga 2008. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawara a 2024 ta sauya wa kwamfutoci kusan 30,000 manhaja zuwa ta kyauta. Amma birnin Munik, a Jamus ɗin dai, wanda ya yanke irin wannan shawara a 2003, majalisarsa ta zaɓi komawa Windows a 2017. Abin lura a nan shi ne, manhajar kyauta ma tana da kuɗinta: horar da ma'aikata, da samun mai gyara kusa. In mai gyaran yana Yamai, na'urar tana Kanambakashe, kyautar ta zama tsada.

Akwai hanya ta uku da ake bi a ɓoye, wato sa kwafin sata da aka samo a kasuwa. Ita ce mafi arha yau, mafi hatsari gobe, domin sau da yawa da cutar kwamfuta take zuwa, rajistar jama'a kuwa ba abin wasa ba ce.

Kowace hanya aka bi, tambayar da ta fi nauyi ita ce: rajistar a hannun wa take? Tsohon kundin takarda, ko gara ta taɓa shi, yana cikin kabad ɗin ofis. Sunayen da aka shigar cikin manhajar wani ɗan kwangila, in kwangilar ta ƙare ko shirin taimakon ya tattara kayansa, ana iya wayar gari ba mai iya buɗe su. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar da ke sa ido a kai. Wajibi ne a rubuta cikin kowace yarjejeniya cewa bayanan mallakar hukuma ne, za ta iya kwashe su a duk lokacin da ta so, cikin sigar da wata manhaja za ta iya karantawa, kuma kwafi ɗaya yana ajiye a ofis. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

HARUFFA MASU LANƘWASA

Duk wanda ya zauna ajin yaƙi da jahilci ya san haruffan nan huɗu: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Taron masana da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ya duba rubutun Hausa tare da na wasu harsunan yankin, Nijar kuma ta tabbatar da ƙa'idar rubutunta a 1999. Da haruffan nan ake rarrabe baki da baƙi, kafa da ƙafa, fada da faɗa. Allon rubutun kwamfuta irin na Faransa, wanda ya fi yawa a ofisoshi, ba shi da su. Amma tsarin Unicode, wanda na'urorin zamani ke bi, yana ɗauke da su tun farkon shekarun 1990, kuma Windows da wayoyin Android suna da allon Hausa da ake kunnawa ba tare da an biya ko dala ba.

Akwai dalilin da ya sa mutane suka saba yar da lanƙwasar. Gajeren saƙo na salula yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar an sa ƙ ko ɗ ɗaya a ciki, sai ya koma 70, saƙo ɗaya ya zama biyu ko uku, kuɗi ya ƙaru. Mai aika gaisuwa yana da uzuri. Ofishin hukuma, a ƙasar da Hausa ta zama harshen ƙasa, ba shi da shi. Kafin a karɓi manhaja, a gwada ta: a rubuta suna mai ɗ, a buga bisa takarda, a sake nemansa cikin rajista. In alamar tambaya ko ɗan akwati ya fito a madadin harafin, a mayar wa mai ita ya gyara.

Har wa yau akwai matsalar suna ɗaya mai rubutu iri-iri. Garin da ake rubutawa Tessaoua shi ne Tasawa. Mahamadou, Mahamane da Mamane kuwa sau da yawa mutum ɗaya ne a ƙauyensu, na'ura tana ganin mutum uku. Ɗalibin da sunansa na takardar haihuwa ya saɓa da na rajistar makaranta, ranar jarrabawa zai gane girman abin. Wannan ba ya gyaruwa sai hukuma ta tsayar da ƙa'ida ɗaya tun kafin a fara shigar da sunaye.

RABON MASU YAƘI DA JAHILCI

Kada wanda ya koyi karatu da girmansa ya ɗauka zancen nan na masu digiri ne. A 2009 da 2010 an gudanar da shirin ABC a ƙauyuka 113 na jihohin Dosso da Damagaram, tare da ƙungiyar Catholic Relief Services da masaniya Jenny Aker. A rabin ƙauyukan an haɗa wa ɗaliban yaƙi da jahilci da koyon aiki da salula. Da aka yi jarrabawa, sun fi sauran maki a rubutu da lissafi, domin suna aiki da abin da suka koya kowace rana. Wanda ya iya karatu shi ne zai duba takardar ɗansa tun yana gaban teburi, ya ce wa ma'aikaci harafin nan ba daidai ba ne, kafin a buga hatimi.

Saboda haka, shugaban ofishin da aka kawo wa takardar ciniki, a Tasawa ko a Mayahi, ya dace ya sa a gwada masa na'urar da rezo a kashe, ya tambayi kuɗin shekara ta biyu da ta uku da aljihun da zai biya, ya ga sunan mai gyara da garin da yake zaune, ya ga sharaɗin mallakar rajista a rubuce, kana ya sa a buga masa ƙ da ƴ bisa takarda. In duk sun cika, ya sa hannu. Allah ya ba ma'aikata ikon riƙe amana, ya ba manoma damina mai albarka.