BABI NA UKU: ƘIYASIN FAƊIN GONAKIN ƘANANAN MANOMA TA HANYAR HOTON TAURARON ƊAN'ADAM DA AWON SAMFURI

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin hanyoyin mallakar gona a ƙasar Hausa, inda aka dubi gandu da gayauna da aro da jingina. A wannan babi kuwa za a mayar da hankali ne a kan yadda ake gano yawan filin da aka shuka a damina guda. Za a fara da kawo muhimmancin wannan ƙiyasi, sannan a waiwayi hanyoyin awon gona na da. Daga nan sai a bayyana yadda tauraron ɗan'adam yake ɗaukar hoton ƙasa, da irin cikas ɗin da gonar ƙaramin manomi take kawo masa. A ƙarshe za a nuna yadda ake gwama hoton da awon wasu zaɓaɓɓun wurare, wato samfuri, domin a sami adadin da za a iya dogara da shi.

3.1 Muhimmancin Sanin Faɗin Gona

Ana samun jimillar amfanin gona na kowane yanki ne ta hanyar ninka faɗin filin da aka shuka da abin da hekta ɗaya take bayarwa. Ke nan idan aka yi kuskure a wajen faɗin fili, to duk lissafin da ya biyo baya ya gurɓace. Da wannan lissafi ne hukuma take tsara rabon takin zamani da iri, take kuma hango ƙarancin abinci tun kafin ya auku. Farin da aka yi a yankin Sahel a farkon shekarun 1970 ya nuna illar rashin irin wannan sani. Shi ne ma ya sa ƙasashen yankin suka kafa ƙungiyar CILSS a 1973, sannan aka buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974 domin lura da ruwan sama da halin amfanin gona. A Nijeriya kuwa, bayan ƙidayar aikin gona ta 1993/94, sai a 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sake gudanar da irinta. Wannan tazara ta kusan shekara 30 ita ce take nuna buƙatar hanyar da za a iya maimaitawa kowace damina ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

3.2 Hanyoyin Awon Gona na Da

Manomi Bahaushe yana da nasa ma'auni. Idan aka tambaye shi girman gonarsa, yakan ce tana ba da dami kaza, ko tana cin mudu kaza na iri, ko kuwa 'yan ƙwadago kaza ne suke nome ta a yini. Waɗannan ma'aunai suna biya masa buƙata, sai dai ba su da tsayayyen daidai da hekta, domin dami yana ƙaruwa ko ya ragu gwargwadon albarkar damina.

A farkon mulkin Turawa an shigo da awon taki a ƙasar Kano, inda malaman taki suke bin gonaki suna ƙirga takun ƙafa domin a yanka haraji gwargwadon girman gona. Daga baya malaman gona suka koma amfani da igiyar awo da kamfas, yanzu kuma ana zagaya gona ne da na'urar GPS a hannu. Binciken gidaje da Bankin Duniya ya tallafa wa a wasu ƙasashen Afirka, har da Nijeriya, ya kwatanta abin da manoma suka faɗa da baki da abin da GPS ta auna. An gano cewa masu ƙananan gonaki sukan faɗi fiye da abin da suke da shi, masu manya kuma sukan faɗi ƙasa da haka. Awon ƙafa ya fi tambayar baki inganci, amma yana cin lokaci da kuɗi, kuma ba zai yiwu a bi kowace gona a jiha guda ba.

3.3 Yadda Tauraron Ɗan'adam Yake Ganin Gona

Tauraron ɗan'adam yana auna hasken rana ne da ƙasa take mayarwa sama. Lafiyayyen ganye yana shanye jan haske domin haɗa abincinsa, yana kuma mayar da wani haske mai yawa da ke gaba da ja, wanda idon mutum ba ya gani. Ƙasa tsirara ba ta nuna wannan bambanci sosai. Idan aka kwatanta hasken biyu sai a sami ma'aunin tsanwar ganye, wanda masana suke kira NDVI. Ta bin hawa da saukar wannan ma'auni daga shuka zuwa girbi ne ake rarrabe gona da daji ko makiyaya.

Kowane hoto ya ƙunshi ƙananan ɗigogi masu kusurwa huɗu, kuma kowane ɗigo yana wakiltar wani yanki na ƙasa. Tauraron Landsat na farko, wanda Amurka ta harba a 1972, ɗigonsa kusan mita 80 ne a kowane gefe. Daga 1982 aka sami na mita 30, wato murabba'in mita 900, kimanin ɗigo 11 ke nan a hekta ɗaya. Landsat yana komowa kan wuri guda bayan kwana 16, kuma tun 2008 ake ba da hotunansa kyauta. Nijeriya ta harba nata, NigeriaSat-1, a 2003 mai ɗigon mita 32, sannan NigeriaSat-2 a 2011. Taurarin Sentinel-2 na Turai, waɗanda aka fara harbawa a 2015, ɗigonsu mita 10 ne, wato ɗigo 100 a hekta, kuma suna komowa duk bayan kwana 5.

3.4 Cikas ɗin da Gonar Ƙaramin Manomi Take Kawowa

An fara gwada wannan fasaha ne a manyan gonakin alkama irin na Amurka, inda iri ɗaya yake rufe fili mai faɗi. Gonar ƙasar Hausa ta sha bamban da haka ta fuskoki kamar haka:

(i) Ƙanƙanta. Rabon gado yana daddatsa gona, musamman a karkarar Kano mai cunkoson jama'a, wadda Mortimore da Wilson (1965) suka yi nazari a kanta. Gona mai rubu'in hekta ba ta cika ɗigon Landsat uku ba. Saboda haka ɗigo ɗaya yakan haɗa gefen gona da turba da shingen gamba, a rasa ajin da za a saka shi.

(ii) Haɗa iri. Binciken da Norman ya yi a shekarun 1960 a ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi na ƙasar Zazzau ya nuna cewa mafi yawan filin da ake nomawa shukar haɗe ce. Manomi yakan gicciya gero da dawa, ya kuma cusa wake a tsakani. Hasken da ɗigo yake nunawa na dukkansu ne a gauraye, don haka da wuya a ce ga hektar gero ga ta wake.

(iii) Itatuwa. Ɗorawa da kuka da tsamiya da darbejiya suna tsaye cikin gona da ganyensu a damina, suna iya sa gona ta yi kama da daji. Gawo kuwa akasin haka yake yi, domin yana kakkaɓe ganye da damina ya tofo da rani, har a iya zaton noman rani ake yi a wurin.

(iv) Saura da ciyawa. Gonar da aka bari ta huta tana yin tsanwa a daidai lokacin da gero yake yi. Haka kuma gonar da ba a yi wa noman farko da maimai a kan kari ba, ciyawa ce take rinjayar haskenta.

(v) Gajimare. Watan Agusta, lokacin da shuka ta fi ƙarfi, shi ne kuma lokacin da hadari ya fi rufe sama. Taurari masu amfani da rada, irin Sentinel-1 da aka fara harbawa a 2014, suna huda gajimare, amma fassara hotonsu tana da wuya a kan ƙananan gonaki.

Waɗannan dalilai ne suka sa ƙirga ɗigogin da kwamfuta ta ce gona ce ba ya isa a kira shi ƙiyasi. Kuskuren taswira yakan karkata ne gefe guda, kuma taswirar ba za ta iya faɗin yawan kuskurenta da kanta ba.

3.5 Gwama Hoto da Awon Samfuri

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Abin da kwamfuta ta faɗa game da gona kamar ji ne, sai an taka wurin sannan ya zama gani. Matakan aikin su ne:

Na farko, a yi amfani da hotunan damina a fitar da taswira mai raba yanki gida biyu ko fiye, misali inda ake zaton gona ce da inda ake zaton ba gona ba ce. Na biyu, a zaɓi wasu wurare a cikin kowane gida ta hanyar ƙuri'a, yadda kowane wuri zai sami damar fitowa. Wannan sharaɗi shi ne ginshiƙin aikin, domin idan ma'aikaci ya zaɓi gonakin bakin titi kawai don sauƙin zuwa, sakamakon zai wakilci bakin titi ne kurum. Na uku, a je kowane wuri da GPS kafin a yanke gero, a rubuta abin da ke ƙasa. Na huɗu, a yi amfani da abin da aka gani a gyara adadin taswira.

Domin ƙarin haske, a ƙaddara wata gunduma mai hekta 10,000. Taswira ta nuna hekta 6,000 gona ce, 4,000 ba gona ba. Aka zaɓi wuri 100 a kowane gida. A gidan farko aka tarar 70 ne kawai aka shuka, ragowar saura ce da ciyawa. A gida na biyu kuma aka tarar 10 gonaki ne da itatuwa suka lulluɓe. Lissafin zai kasance: kashi 70 cikin 100 na 6,000, wato 4,200, a haɗa da kashi 10 cikin 100 na 4,000, wato 400. Jimilla hekta 4,600 ke nan. Da an tsaya ga taswira, da an ƙara hekta 1,400 da babu su, a kuma lissafa musu hatsin da ba a girbe ba. Bugu da ƙari, samfurin ƙuri'a yana ba da damar auna shakka. A wannan misali, ana iya cewa da tabbacin kashi 95 cikin 100 adadin gaskiya bai wuce tazarar kimanin hekta 600 sama ko ƙasa da 4,600 ba. Idan ana son rage wannan tazara da rabi, sai an ninka yawan wuraren samfuri sau huɗu.

Amfanin taswira a nan shi ne ta rage yawan wuraren da za a taka, ta kuma nuna inda gonakin suke. Game da shukar haɗe kuwa, dole ne masu bincike su amince da ƙa'ida guda tun kafin fita: ko a lissafa dukkan gonar ga kowane iri, ko a raba ta gwargwadon yawan kunyoyi. Idan aka bi ta farko, jimillar hektocin iri-iri za ta zarce faɗin filin da ke ƙasa, don haka wajibi ne rahoto ya bayyana wadda aka bi.

Akwai kuma ɓangaren zamantakewa. Shiga gonar mutum da na'ura yana iya tayar da tunanin haraji ko ƙwacen fili. Saboda haka ya kamata a fara sanar da dagaci da mai unguwa da sarkin noma, a kuma yi wa mai gona bayanin manufar aikin da harshen da yake ji.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa hoton tauraron ɗan'adam yana mamaye yanki gaba ɗaya cikin sauƙi, amma ƙanƙantar gona da haɗa iri da itatuwa da saura da gajimare suna jefa shi cikin kuskure. Awon ƙafa kuma yana da inganci, sai dai ba ya kaiwa ko'ina. Hanyar da ta dace da gonar ƙaramin manomi ita ce a fitar da taswira daga hoto, a zaɓi samfuri ta ƙuri'a, a taka wuraren, sannan a bayar da adadi tare da tazarar shakkarsa. A babi na gaba za a dubi kalmomin awo da na aikin gona da manoma suke amfani da su, da yadda za a daidaita su da sababbin kalmomin wannan fanni.