ƊAUKAR HOTO A KAN HANYA: JIRAGEN ƘASA, HAIKALAI DA BAKIN TEKU A KUDANCIN INDIYA

Hausawa sun ce gani ya kori ji. To, amma ba kowa ne ke samun halin zuwa ya gano wa idonsa ba, shi ya sa matafiyi mai hikima yakan riƙe kyamara domin ya kawo wa na gida abin da ya gani. Yawancinmu mun san Indiya ta finafinai, iyayenmu kuwa da dama sun yi karatu a hannun malaman Indiya waɗanda suka koyar da lissafi da kimiyya a makarantun sakandare na Arewa a shekarun 1970 da 1980, da yawansu mutanen jihar Kerala. A wannan maƙala za mu duba abubuwa uku da masu ɗaukar hoto suka fi bi a kudancin ƙasar, wato jiragen ƙasa, da haikalan mabiya addinin Hindu, da rayuwar masunta a bakin teku, mu ga yadda ake ɗaukarsu da kuma dokokin da ake kiyayewa.

JIRAGEN ƘASA

Jirgin fasinja na farko a Indiya ya tashi ran 16 ga Afrilu 1853 daga Bombay, wadda ake kira Mumbai yanzu, zuwa Thane, tafiyar kilomita 34. Ƙwarewar Indiyawa a aikin reluwe ta kai har ƙasarmu, domin daga 1979 zuwa 1982 wani kamfanin gwamnatin Indiya mai suna RITES ne ya riƙe ragamar hukumar jiragen ƙasa ta Nijeriya.

A kudu, layin da ya fi jan masu kyamara shi ne na tsaunukan Nilgiri a jihar Tamil Nadu. Ya tashi daga Mettupalayam a gindin dutse ya hau zuwa Ooty, garin da ke bisa fiye da mita 2,000. Tsawon layin kilomita 46 ne kacal, amma hawan yakan ci kusan awa biyar. An buɗe shi har Coonoor a 1899, ya ƙarasa Ooty a 1908, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan tarihi na duniya a 2005. Tsakanin Kallar da Coonoor hawan ya yi tsanani har ƙafafun jirgi kaɗai ba za su iya riƙe dogo ba. Saboda haka aka shimfiɗa wani ƙarfe mai haƙora a tsakiyar layi, kan jirgin kuma yana da gargare mai haƙora a ƙarƙashinsa wanda ke cizon wannan ƙarfe. Injin tururi ne ke wannan aiki, kuma yana bayan taragai yana tura su sama. Daga Coonoor sai injin dizal ya karɓa.

Wannan bayani yana da amfani ga mai hoto. Tun da injin yana baya, wanda ke son ya kama shi yana fitar da tururi sai ya jira jirgi ya shiga kwana, ya waiwaya ta taga. Ya fi sauƙi ma a jira ƙananan tashoshi irin su Hillgrove, inda jirgi ke tsayawa a ɗura masa ruwa, fasinja su sauka su sha shayi. A nan ake samun hoton direba da ma'aikata suna duba ƙafafun inji suna zuba masa mai.

Kowace kyamara tana da ƙyaure a cikinta wanda ke buɗewa ya rufe kamar ƙiftawar ido. In ana so jirgi mai gudu ya fito a tsaye cak, sai a sa ƙyauren ya ƙifta cikin kashi ɗaya bisa 500 na daƙiƙa ko fiye da haka sauri. In kuwa gudun ake so a nuna, sai a rage shi zuwa kamar kashi ɗaya bisa 30, a riƙa bin jirgin da kyamara yayin da ake latsawa. Jirgi zai fito sarai, itatuwan bayansa su zama kamar an share su da tsintsiya.

Wani wurin kuma shi ne gadar Pamban, mai tsawon kimanin kilomita biyu, wadda ta haɗa tsibirin Rameswaram da sauran ƙasa. An buɗe ta a 1914, tsakiyarta kuma tana ɗagawa gida biyu domin jiragen ruwa su wuce. Fiye da shekara ɗari jirgi yana ratsa ta a hankali, teku dama da hagu. Gishirin teku ya ci ƙarfenta, aka dakatar da bin ta a Disamba 2022, sannan aka buɗe sabuwa a gefenta a Afrilu 2025, wadda tsakiyarta ke tashi sama gaba ɗaya. Masu hoto sukan tsaya a kan gadar mota da aka buɗe a 1988, wadda ta fi ta jirgi tudu. Lura fa, duk wanda ya ɗauki jirgi a kan tsohuwar gada kafin 2022, yau yana riƙe da abin da ba wanda zai sake ɗauka. Hoton da ake gani kamar ba komai ba ne yau, gobe shi ne shaida.

Sai dai a yi hattara. Hawa kan layin dogo laifi ne a dokar Indiya, wayoyin lantarki da ke bisa yawancin layuka kuma suna ɗauke da bolt 25,000. Matasa da dama sun hallaka wajen ɗaukar kansu hoto a gaban jirgi ko a bakin ƙofarsa. A manyan tashoshi da gadoji, a tambayi shugaban tasha ko 'yan sandan reluwe tukuna, musamman in za a kafa kyamara a kan sanda mai ƙafa uku.

HAIKALAN HINDU

Ba yau aka fara ɗaukar waɗannan gine-gine ba. A 1858 wani hafsan sojan Ingila mai suna Linnaeus Tripe, wanda gwamnatin Madaras ta naɗa mai ɗaukar mata hoto, ya zaga Madurai da Thanjavur da katuwar kyamara, yana ɗauka a kan takardar da aka jiƙa da magani. Masana tarihi har yanzu suna duba hotunansa domin su ga abin da ya sauya.

A Thanjavur akwai haikalin Brihadisvara wanda Sarki Rajaraja na Ɗaya na daular Chola ya gama a shekara ta 1010. Da dutse zalla aka gina shi, hasumiyarsa kuma ta haura mita 60. Ƙofarsa gabas take kallo, don haka da sassafe rana ke faɗa wa fuskarsa, dutsen ya yi ja kamar gashi. Da tsakar rana haske yakan sauko daga sama ya wanke sassaƙar, ba a ganin zurfinta. Hasken da ya zo daga gefe shi ke ba kowace sassaƙa inuwarta, inuwa kuwa ita ke nuna wa ido cewa abu yana da tudu da kwari.

Akwai wata matsala da kowane sabon hannu ke gamuwa da ita. In ka tsaya a gindin dogon gini ka ɗaga kyamara sama, ginin zai fito kamar zai faɗi ta baya. Maganinta shi ne ka ja da baya sosai, ka riƙe kyamara a miƙe, in ya yiwu ka hau wani tudu. Ka kuma bari mutum ya shigo cikin hoton, domin da tsawon mutum ne mai kallo zai auna girman gini.

A Madurai kuwa haikalin Meenakshi ne, mai hasumiyoyi 14, mafi tsawonsu ta kudu tana da kimanin mita 52. Kowacce cike take da siffofin alloli da dabbobi da aka yi da farar ƙasa aka shafa musu launi iri-iri. Yawancin abin da ake gani yau aikin sarakunan Nayak ne, musamman Thirumalai Nayak wanda ya yi mulki daga 1623 zuwa 1659. Bayan wata gobara da ta tashi a ciki a Fabrairu 2018, kotu ta hana shiga da wayar hannu, a Disamba 2022 kuma Babbar Kotun Madaras ta umarci a hana waya a haikalan jihar. Saboda haka baƙo yakan bar waya da kyamara a wurin ajiya, ya ɗauki hasumiyoyin daga titunan da ke kewaye ko daga benen wani kanti. Titunan ma ba su rasa abin ɗauka ba: mata masu kitsa furen yasmin, da masu sayar da kwakwa da ayaba ga masu zuwa ibada.

A nan ne maganar ladabi ta shigo. Waɗannan wurare ɗakunan sujada ne na mutane masu rai. Ana tuɓe takalmi a ƙofa, ana sa tufafin da suka rufe kafaɗa da gwiwa. A haikalai da yawa akwai iyakar da wanda ba Hindu ba ba ya ƙetarewa, kuma kusan ko'ina an hana ɗaukar hoton ɗaki na can ciki. Ba sai ka yarda da abin da mutum ke bauta wa ba kafin ka girmama shi. Ka tambayi kanka yadda za ka ji in kana durƙushe kana addu'a wani baƙo ya haska maka filasha a fuska. Abin da ba ka so a yi maka, kada ka yi wa wani.

A Mahabalipuram, kimanin kilomita 60 kudu da Chennai, haikali da teku suka haɗu. Sarkin Pallava, Narasimhavarman na Biyu, ya gina shi a farkon ƙarni na 8, a bakin ruwa sosai. Iska mai gishiri ta shafe fuskokin siffofinsa da yawa. Da asuba rana tana fitowa daga teku ta bayansa ga wanda ya tsaya ta yamma. In aka daidaita kyamara da hasken sama, ginin zai fito baƙi ƙirin a kan jan sararin, sai sifarsa kawai.

RAYUWAR BAKIN TEKU

Kafin a je teku sai a san gabas da yamma. Gaɓar Tamil Nadu gabas take kallo, fitowar rana ake ɗauka a can. Gaɓar Kerala yamma take kallo, tata faɗuwar rana ce. A Kanyakumari, ƙarshen ƙasar ta kudu, ana iya ganin duka biyun a kan ruwa. Damina ma biyu ce: ta Kerala takan sauka daga Yuni zuwa Satumba, ta gaɓar Tamil Nadu kuwa ta fi ƙarfi daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da zaftarewar ƙasa kan tsayar da jirgin Nilgiri. Daga tsakiyar Afrilu zuwa tsakiyar Yuni kuma ana hana manyan jiragen kamun kifi masu inji fita a gaɓar gabas domin kifi ya hayayyafa. Wanda ya je a lokacin zai tarar da jirage a ɗaure, masunta suna ɗinkin taru da gyaran katako.

A Fort Kochi akwai tarunan da mutanen wurin ke kira cheena vala, wato tarun Sin. Kowanne an rataye shi a kan dogayen itatuwa masu tsawon kimanin mita goma, an ɗaura manyan duwatsu da igiya a ɗaya gefen su zama ma'auni. Mutum ɗaya ya taka babban itacen, taru ya nutse. Bayan ɗan lokaci mutum huɗu zuwa shida su ja igiya, ya taso. Lokacin da taru ya baro ruwa yana ɗiga, hankaki suna kai masa farmaki, shi ne lokacin latsawa. A gaɓar gabas kuma akwai kattumaram, ma'anarsa a harshen Tamil itatuwan da aka ɗaure, ko da yake kwale-kwalen roba masu inji sun maye gurbin da yawansu, musamman bayan ambaliyar tsunami ta 26 ga Disamba 2004 wadda ta hallaka dubban mutane a wannan gaɓa.

Masunta sukan dawo da sassafe, a yi gwanjon kifi nan take a kan rairayi, mata su ɗauka a kwanduna zuwa kasuwa. Waɗannan mutane abincinsu suke nema. Kada ka tare hanya, kada ka taka taru. Ka yi gaisuwa, a Tamil ana cewa vanakkam, ka nuna kyamara ka jira a gyaɗa kai. In an ƙi, ka sauke ta. Kada ka ɗauki yara sai da yardar iyayensu. In ka yi alkawarin aiko da hoto, ka cika.

Ita ma kyamara tana da abokan gaba a nan. Feshin teku yakan bar gishiri a kan gilashinta, rairayi kuma yakan karce shi. A hure rairayin tukuna kafin a goge da ƙyalle mai laushi. In an fito daga ɗaki mai na'urar sanyi, gilashin zai yi gumi, sai a bar ta cikin jaka ta ɗan ɗumama.

KAMMALAWA

'Yan'uwa ɗalibai, duk hoton da aka ɗauka, a rubuta sunan wurin da kwanan wata da abin da ke faruwa a ciki, domin hoton da ba shi da bayani bayan shekara ashirin ba wanda zai san amfaninsa. Ba kuma sai kun kai Indiya za ku fara koyo ba. Da wayar hannu ma za ku iya gwada hasken safe da na yamma a tsohuwar tashar jirgi ta garinku, ko a kasuwar kifi ta bakin kogi, ko a ginin makarantar nan. Ku nemi izini, ku jira haske, ku yi haƙuri. Allah ya ba da sa'a.